Gundumomin gabashin Oregon sun zaɓi komawa Idaho: me doka ta ce?

Malam Habibu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani batu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san cikin wannan zaure akwai masana shari'a da waɗanda suke zaune a Amurka, shi ya sa na kawo shi gabanku. A jihar Oregon da ke arewa maso yammacin Amurka, gundumomi 13 cikin 36 da jihar take da su sun kaɗa ƙuri'a tsakanin 2020 da 2024, suna goyon bayan a matsar da iyaka su bar Oregon su koma maƙwabciyarta Idaho. Dukansu suna gabas da tsaunukan Cascade, ƙasar makiyayan shanu da manoman alkama, inda jama'a suke zaɓen jam'iyyar Republican, alhali ƙuri'un Portland da garuruwan yamma ne suke naɗa gwamna da rinjayen majalisa. Rabon jihar da gwamna ɗan Republican tun 1987, lokacin da Vic Atiyeh ya sauka. Ƙungiyar da take jan ragamar tafiyar ana kiranta Greater Idaho, wato Babbar Idaho, kuma wani dattijo mai suna Mike McCarter ne ya shahara da jagorancinta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an yi ƙuri'a an ci a wuri 13, amma iyaka ba ta gusa ko da taku ɗaya ba. Shin doka ce ta hana, ko kuwa fin ƙarfi ake nuna musu?

Barista Rabi

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Doka ba ta hana a matsar da iyakar jiha ba, amma ba ta sa ikon yin haka a hannun gunduma ba, kuma nan ne ake samun ruɗani. A tsarin Amurka jiha tana da nata ikon mulki wanda kundin tsarin mulkin ƙasa ya san da shi, gunduma kuwa jiha ce ta ƙirƙire ta don sauƙin gudanar da aiki, kamar yadda maigida yake yanka ɗakuna a cikin gidansa. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi wannan ƙarara a 1907, a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh, inda mutanen garin Allegheny suka kai ƙara saboda an haɗe garinsu da Pittsburgh duk da yawancinsu sun ƙi a ƙuri'a. Kotu ta ce jiha tana da damar faɗaɗa ƙaramar hukuma ko rage ta ko haɗe ta da wata ko ma rushe ta, da yardar mazaunanta ko ba da yardarsu ba. To, wanda majalisar jiha za ta iya shafe shi da doka guda ba shi da hurumin ɗaukar ƙasar jihar ya miƙa wa wata.

Hanyar da take a buɗe tana buƙatar amincewa uku: majalisar dokokin Oregon, majalisar dokokin Idaho, da Majalisar Dokokin Amurka. Kuma ya kamata mu duba abin da aka tambayi mutane a takardar ƙuri'a. A yawancin gundumomin nan ba a tambaye su ko a canza iyaka ba, domin gunduma ba ta da ikon yin wannan tambaya ta zama doka. Abin da aka amince da shi shi ne a wajabta wa kwamishinonin gunduma su riƙa zama lokaci-lokaci suna tattauna batun. Sun kuwa yi zaman, don haka a fuskar shari'a an cika abin da ƙuri'ar ta umarta.

Auwalu

Barista, da girmamawa, wannan bayani naki ya ƙara tabbatar mini da cewa ana danne mutanen nan. Idan sai majalisar Oregon ta yarda, kuma ita ce majalisar da suke kuka da ita, ai an naɗa kura alƙalin shari'ar akuya. Amurka kanta da ɓallewa daga Ingila ta samu, kuma takardar shelar 'yancinta ta 1776 ta ce halascin gwamnati yana fitowa ne daga yardar waɗanda ake mulka. Mutanen nan ba su ɗauki makami ba, ba su ce za su bar ƙasar ba, akwatin zaɓe suka bi. Majalisar Wakilan Idaho ma ta zartar da ƙuduri a Fabrairun 2023 tana gayyatar Oregon a zauna a tattauna, amma a Salem, fadar jihar Oregon, irin wannan ƙuduri ko sauraro bai samu ba. A ganina ƙin saurarar mutum ya fi ƙin biya masa buƙata ciwo.

Alhaji Garba

Ni a Boise nake zaune, babban birnin Idaho, kuma tuƙin babbar mota nake yi, don haka wannan iyaka da ake magana ina ƙetare ta kusan kowane mako. Idan ka ɗauki babbar hanya mai lamba 84 ka nufi yamma, cikin kamar awa ɗaya za ka hau gadar kogin Snake ka sauka a Ontario, garin farko a Oregon, cikin gundumar Malheur. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne agogona bai canza ba. Yawancin Malheur da lokacin Boise take aiki, tana gaban Portland da awa ɗaya, sai ka yi nisa cikin duwatsu kafin wayarka ta ja da baya. Mutumin Ontario talabijin ɗin Boise yake kallo, idan ciwo ya yi tsanani Boise ake kai shi, jirgin sama a Boise yake hawa, amma idan yana da magana da 'yan majalisarsa sai ya yi tafiyar fiye da awa shida zuwa Salem. A wurin da nake lodin albasa, mai gonar ya taɓa nuna mini takardun ƙa'idojin aiki da na muhalli da ake aiko masa daga yamma, yana cewa waɗanda suka rubuta su ba su taɓa kwana a gona ba. Na ga ɓacin rai na gaskiya a fuskarsa, kuma ban ga alamar wasa yake yi ba.

Sai dai Malam Auwalu, akwai ɗaya ɓangaren da nake gani da idona. Da safe motoci masu lambar Idaho ne suke tururuwa zuwa Ontario, saboda mafi ƙarancin albashi a Idaho dala 7.25 ne a awa, a karkarar Oregon kuwa ya haura dala 13. Oregon ba ta karɓar harajin saye, Idaho tana karɓar kashi 6 cikin ɗari har a kan kayan abinci, shi ya sa manyan kantunan Ontario suke cike da 'yan Idaho. Tabar wiwi halal ce a dokar Oregon, haram ce a Idaho, kuma duk da ba na son wannan sana'a, na san harajinta yana shiga asusun garin. Yaran da suke ɗora mini buhunan albasa ba su taɓa ce mini suna son a mayar da su Idaho ba, domin sun san abin da zai faɗa wa albashinsu.

Malama Hadiza

Na gode wa Alhaji da wannan bayani na ganau. Ina koyar da tarihi, kuma ina so in ƙara cewa abin da ake nema ya taɓa faruwa a Amurka, amma yadda ya faru yana goyon bayan maganar Barista ne. Kentucky ta fita daga Virginia a 1792, Maine ta fita daga Massachusetts a 1820, kuma a duka biyun uwar jihar ce ta fara amincewa kafin Majalisar Amurka ta sa albarka.

Misalin da ya fi kusa da namu shi ne na gundumomin Berkeley da Jefferson, waɗanda a da suke cikin jihar Virginia. Lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, da Virginia ta ɓalle ta bi Kudu a 1861, mutanen yammacinta da suka ƙi ɓallewa sun taru a Wheeling suka kafa gwamnati ƙarƙashin Francis Pierpont, suka ce su ne halastacciyar gwamnatin Virginia gaba ɗayanta, gwamnatin shugaban ƙasa Lincoln kuma ta karɓe su a haka. Wannan gwamnati ce ta ba da izinin a yanki sabuwar jiha, Virginia ta Yamma, wadda ta shiga tarayya ranar 20 ga Yuni 1863. Gwamnatin Pierpont ɗin ce kuma ta ba da dama a yi ƙuri'a a Berkeley da Jefferson su bi sabuwar jihar. Dalilin son gundumomin biyu a fili yake: layin dogon Baltimore da Ohio ya ratsa ta Martinsburg da Harpers Ferry, kuma Arewa ba ta son ya zauna a hannun 'yan tawaye. An yi ƙuri'ar sojoji suna cikin gari, mazaje da yawa suna bakin daga tare da rundunar Kudu. Da yaƙi ya ƙare, majalisar Virginia ta janye amincewarta a ƙarshen 1865, Majalisar Amurka ta tabbatar da sauyin a 1866, magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1871 kotu ta yanke, da alƙalai 6 a kan 3, cewa an riga an ƙulla yarjejeniya tsakanin jihohin biyu, gwamna ya tabbatar da sakamakon ƙuri'a, majalisar ƙasa ta yarda, don haka bakin alƙalami ya bushe.

Ku lura cewa ko a tsakiyar yaƙi, lokacin da bindiga za ta iya raba gardama, sai da aka nemo majalisar da za a kira ta Virginia ta sa hannu. Har yau masana suna jayayya kan ko wannan amincewa ta gaskiya ce ko dabara, amma babu wanda ya ce ƙuri'ar gundumomin kaɗai ta wadatar.

Malam Habibu

Malama, Allah ya ƙara basira. Barista, ina neman ƙarin haske a kan wuri ɗaya. Na karanta Babi na 4, sashe na 3 na kundin tsarin mulkin Amurka, sai na ga yana magana ne a kan kafa sabuwar jiha a cikin wata, ko haɗa jihohi biyu ko yankunansu a yi sabuwa. Mutanen gabashin Oregon ba sabuwar jiha suke nema ba. Shin wannan sashe ya shafe su kuwa?

Barista Rabi

Tambayarka tana kan hanya, Malam, kuma lauyoyin can ma sun rabu a kanta. Wasu suna cewa idan ka ɗauki fiye da rabin ƙasar Oregon ka manna wa Idaho, abin da ya fito haɗin jiha ne da wani yankin jiha, don haka Babi na 4 ya kama shi. Wasu suna cewa Idaho tana nan a matsayinta na jihar da ta shiga tarayya a 1890, ba a haifi sabuwa ba, saboda haka gyaran iyaka ne kawai. Ni na fi karkata ga na biyun, amma ko wanne ka bi, ƙofa ɗaya za ka tarar. Babi na 1, sashe na 10 ya hana jiha ƙulla yarjejeniya da wata jiha sai da izinin Majalisar Amurka. A 1893, a shari'ar iyaka tsakanin Virginia da Tennessee, Kotun Ƙoli ta sassauta ta ce ba kowace ƙaramar yarjejeniya ce take buƙatar izini ba, sai wadda za ta ƙara wa jiha ƙarfin siyasa ta yadda zai taɓa ikon tarayya. Matsar da dubban ɗaruruwan mutane daga jiha zuwa jiha kuwa yana taɓa rabon kujeru. Yanzu Oregon tana da kujeru 6 a Majalisar Wakilai da ƙuri'u 8 a zaɓen shugaban ƙasa, Idaho tana da 2 da 4, kuma bayan ƙidaya wannan lissafi zai iya sauyawa. Babu alƙalin da zai kira wannan ƙaramar yarjejeniya.

Akwai kuma kundin kowace jiha. Na Oregon an gyara shi a 1958, lokacin da ita da Washington suka daidaita iyakarsu a kan kogin Columbia, ya yarda a canza iyaka ta hanyar yarjejeniyar da Majalisar Amurka ta amince da ita. Na Idaho kuwa ya zayyana iyakokin jihar dalla-dalla a cikinsa, shi ya sa ake ganin sai an gyara shi, gyaran kuma yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisunta biyu da ƙuri'ar jama'arta. Ƙudurin da Malam Auwalu ya ambata gayyata ce kawai, ba ya ɗaure kowa, kuma bai wuce Majalisar Dattawan Idaho ba.

Ko inda kowa ya yarda ma abin ba ya zuwa da sauƙi. Garin Wendover rabinsa yana Utah rabinsa yana Nevada, titi ɗaya ya ratsa su. Mazauna ɓangarorin biyu sun nuna goyon bayan haɗewa, Majalisar Wakilan Amurka ta amince a 2002, amma magana ta mutu a Majalisar Dattawa. Garin 'yan dubban mutane ke nan.

Auwalu

Na karɓi bayanin doka, Barista, ban da ja a kansa. Amma har yanzu ina ganin tsarin ya bar marasa rinjaye ba mafita. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Reynolds da Sims na 1964, wanda ya ce dole a raba kujerun majalisun jiha duka biyu bisa yawan jama'a, karkara ba ta da wata majalisa da za ta taka wa birni burki. Gundumar Harney ta fi wasu jihohin Amurka faɗi, amma mutanenta ba su kai dubu 8 ba, muryarsu a Salem kamar ɗigon ruwa ce a teku. Kuma ba Oregon kaɗai ba ce. A 2021 'yan majalisa daga gundumomi uku na yammacin Maryland sun rubuta wa Virginia ta Yamma suna neman ta karɓe su. A Illinois gundumomi fiye da 30 sun yi ƙuri'ar neman rabuwa da yankin Chicago, har Indiana ta kafa hukumar duba iyaka a 2025, gwamnan Illinois ya yi watsi da maganar. Idan kuka iri ɗaya yana tashi a wurare da yawa haka, akwai ciwo a jikin tsarin.

Hajiya Binta

Ɗana Auwalu, ciwon gaskiya ne, amma hujjar da ka kafa tana da kaifi biyu. Idan rinjayen Oregon bai isa ya riƙe gabas ba, da wane dalili rinjayen gunduma zai ja waɗanda suka ƙi a cikinta? A Wallowa an kayar da batun a 2020, aka sake kawo shi a 2023 ya ci da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10 ba. Douglas da Josephine sun ƙi a 2022, sai ƙungiyar ta sake zana taswirarta ta cire su. Birnin Bend yana gabas da tsaunukan, amma an zagaye shi an bar wa Oregon saboda ra'ayin mutanensa ya bambanta. Idan aka bi wannan hanya, gobe unguwa ma za ta ce ta bar gunduma.

Sannan akwai mutanen da suka riga jihohin biyu zama a wurin, wato ƙabilun asali na Warm Springs da Umatilla da Klamath da Burns Paiute. Suna da gwamnatocinsu, wasunsu suna riƙe da yarjejeniyoyi da gwamnatin tarayya tun 1855, kafin Oregon ta zama jiha a 1859, kuma sun shafe shekaru suna gina hulɗa da Salem a kan ruwa da kamun kifi da kiwon lafiya. Ƙuri'ar gunduma ba ta da ikon yanke musu hukunci. Ni a nan nake ganin hikimar sharaɗin amincewa uku, domin yana tilasta a saurari waɗanda ba su da yawa a akwatin gunduma amma abin zai faɗa a kansu.

Malam Isa

Ni mutumin Borgu ne, kuma wannan muhawara ta tuna mini da gida. Iyayenmu sun kwana a jihar Kwara suka wayi gari a jihar Neja a watan Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri sababbin jihohi, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba. Dokar soja ce, sanarwa ɗaya ta gama komai. A ƙarƙashin kundin 1999 kuwa, sashe na 8 ya ce gyaran iyakar jiha sai an samu buƙata daga kashi biyu cikin uku na wakilan yankin da ke nema da yankin da abin ya shafa, a majalisar ƙasa da ta jiha da ƙananan hukumomi, sannan majalisun su amince. Wato mu ma da muka koma mulkin farar hula mun ɗaure abin tamau. Abin da na sani daga namu shi ne, sanarwa tana ɗaukar minti biyar, amma rabon ma'aikata da fansho da kadarori yana cin shekaru.

Malama Hadiza

Malam Isa ya taɓo inda gizo yake saƙa. Virginia ta Yamma ta samu jiharta a 1863, amma rigimar kasonta na bashin da tsohuwar Virginia ta ci don gina hanyoyi da magudanan ruwa ta bi ta fiye da shekara 70. Kotun Ƙoli ta yanke mata fiye da dala miliyan 12 a 1915, ba ta gama biya ba sai 1939. A gabashin Oregon akwai gidan yarin Snake River a Ontario, wanda ya fi kowanne girma a jihar, akwai wasu a Pendleton da Umatilla, akwai jami'ar jiha a La Grande, ga hanyoyi da gadoji da bashin fanshon malamai da 'yan sanda. Kowane ɗaya sai an yi masa kuɗi, an san wanda zai biya. Ga lasisin likitoci da lauyoyi, ga haƙƙin ruwan ban-ruwa da aka rubuta bisa dokar Oregon tun kakanni, wanda manomin yankin yake ɗauka da muhimmanci fiye da komai.

Alhaji Garba

Wannan magana ta Malama ita ce nake ji a bakin maƙwabtana a Boise. Da yawansu suna tausaya wa mutanen gabashin Oregon, ra'ayinsu ɗaya a kan bindiga da haraji da zubar da ciki, amma da zarar an zo kan wanda zai ɗauki nauyin makarantu da hanyoyin yanki mai faɗi haka da mutane kaɗan, sai ka ji murya ta yi ƙasa. Kuma akwai abin da mai gonar albasan nan da kansa ya faɗa mini: yawancin filin kiwon da ke Malheur da Harney na gwamnatin tarayya ne, hukumar kula da filaye ta ƙasa ce take ba da izinin kiwo a kansa, kuma ko an wayi gari a Idaho wannan hukuma tana nan da ƙa'idojinta. Na tambaye shi to me ya sa ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Ya ce shi bai taɓa zaton zai ga an cire allon iyaka daga bakin gadar Snake a rayuwarsa ba, amma tun da aka fara ƙuri'un nan 'yan jarida da manyan jami'ai suka fara tahowa daga yamma suna tambayar abin da yake damunsu, kuma a shekarun baya bai ga haka ba. Jibi in Allah ya kai mu ina da lodi a wurinsa, zan karanta masa bayanin Barista a kan Babi na 1 da Babi na 4, in ji abin da zai ce.